Taya na rawa, in an matse ta cije: yadda ake saita boris ɗin keke a gida

Tambayar ta zo ne daga wani ɗan'uwa a Gidan Igwai, cikin garin Sakkwato. Yana da keke Phoenix mai taya 28, da shi yake ɗaukar jarkunan ruwa, wani lokaci har buhun albasa daga wajen Kwalkwalawa. Tayar baya ta fara rawa, sai ya kwance, ya wanke, ya sa giris, ya mayar. Yanzu in ya matse kon, wato ɗan ƙarfen da ke tokare ƙwayoyin boris a jikin sandar taya, sai taya ta cije, in ya sassauta sai rawar ta dawo. Yana son ya san ko akwai tsakiya, ko kuwa hob ɗin, wato cibiyar tayar da sanda ke ratsawa, shi ne ya mutu.

Malam, akwai tsakiya, sai dai siririya ce ƙwarai. Abin da ka kwatanta yakan fito daga ɗayan wurare uku: ko kana juya kon da yawa a kowane gwaji, ko notin kulle yana ture maka saitin a lokacin ɗaurewa, ko kuma wani ƙarfe a ciki ya riga ya lalace, ta yadda babu saitin da zai zauna. Na farko da na biyu aikin hannu ne, yau za ka iya gyara su a tsakar gida. Na uku sai an sayi kaya. Da irin lodin da ka ce kana ɗauka, ina zargin sandar tayar ta ɗan lanƙwashe, amma mu bi abin a hankali.

Kafin ka sake ɗaukar sifana, tabbatar rawar daga boris take. Ɗaga bayan keken, ka kama taya ta sama, ka tura ta dama da hagu. In ka ji ɗan ƙwas-ƙwas a hannunka, kuma duk inda ka juya tayar kana jin sa, to boris ne. In kuwa tayar daram take a hannu, amma da ka juya ta sai ka ga rim yana matsowa gefe yana komawa, wannan aikin sifok ne, rim ya goce, ko ka kwana kana matse kon ba zai miƙe ba. Mutane da yawa suna kashe boris mai lafiya a kan laifin sifok. Duba kuma manyan notocin da suka riƙe taya a jikin keke, don in ɗaya ya saki, shi ma rawa yake sa wa.

Abin da ke cikin hob kaɗan ne. Kowane gefe akwai ɗan kwano a manne cikin hob, wanda muke ce wa kwaf. Ƙwayoyin boris suna zaune cikinsa. Kon yana hawa tiredin sanda, wato zanen da noti ke murɗuwa a kai, ya shigo ya tokare ƙwayoyin. Bayan kon akwai wosha, sannan siririn noti na kulle, wanda aikinsa kawai ya hana kon motsi. Abin da ake saitawa shi ne tazarar da ke tsakanin kon na dama da na hagu. Ta yi faɗi, taya ta yi rawa, kuma kowane rami da ka faɗa ƙwayoyin su riƙa dukan kwaf. Ta yi ƙunci, ƙwayoyin su riƙa tona hanya a jikin kon.

Ga lissafin da zai nuna maka dalilin da ya sa kake tsallake tsakiyar. Tiredin sandar keke irin naka 26 ne a kowane inci, wato in ka juya kon zagaye ɗaya cif, ya matsa kusan milimita 1. Na kekunan zamani ma milimita 1 ne daidai. Kwatan zagaye, wanda a hannu kamar ba komai ba ne, ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na milimita, alhali tazarar da ke tsakanin rawa da cijewa ba ta kai kashi ɗaya cikin goma ba. Saboda haka mai juya kwata-kwata ba zai taɓa sauka a kanta ba, kullum sai dai ya haye ta ya dawo ya sake hayewa. Ɗauki fuskar agogo a ranka: in hannun sifana yana kan ƙarfe 12, matsar da shi zuwa ƙarfe 1 ya isa gwaji guda, kuma idan ka kusa, rabin haka ma ya isa.

Wannan aiki ba ya yiwuwa sai da siririyar sifana. Bakin da aka yanka a jikin kon ƙunci gare shi, sifana ta yau da kullum ba ta shiga in notin kulle yana wurin, shi ya sa ake ganin mutane na kama kon da filaya ko suna dukan sa da kurfi. Filaya tana cinye bakin, kuma ba za ta riƙe kon ya tsaya cik ba lokacin ɗaurewa. Sifanar kon kaurinta wajen milimita 2 ne. A mafi yawan kekuna lamba 13 ce ta gaba, 15 ta baya, notin kulle kuma 17, ko da yake tsofaffin kekuna masu awon inci sukan ɗan saɓa. In ba ka samu ta saye ba, ɗauki tsohuwar sifana da ta dace da kon ɗinka ka kai wa mai walda ya goge maka kaurinta da injin gurza. Ya riƙa tsoma ta a ruwa yana gogewa, kada ta yi ja ta yi laushi.

Tun da ka ce ka riga ka wanke ka mayar, zan so ka sake buɗewa, don ban ji ka ambaci abin da ka gani a ciki ba, kuma a nan amsar tambayarka ta biyu take. Shimfiɗa buhu ko tabarma, ka sa faranti a ƙarƙashin hob, don ƙwayar boris in ta faɗa rairayi ta tafi ke nan. Ta hagu ake kwancewa, gefen da babu sarƙa. Cire notin kulle, wosha da kon, ka jera su yadda suka fito, ka zaro sanda ta dama. Kon da notin dama ka bar su a jikin sanda, su ne ke riƙe maka tsawon da sanda za ta fito kowane gefe. Ƙwayoyin dama da na hagu ka ƙirga su daban. Murfin ƙurar da ke bakin hob in ba dole ba kada ka ɓamɓare shi, gwangwani ne, da ya lotse ba ya komawa daidai.

Da kananzir za ka wanke, da tsohon buroshin haƙori da tsumma. Fetur yana wankewa, amma a gidan da ake girki da yara na kai da kawo ban yarda da shi ba. In komai ya bushe, fita da kon cikin hasken rana. Za ka ga wani layi mai sheƙi ya zagaye shi, nan ne hanyar boris. Layi siriri, sumul, faɗinsa ɗaya duk zagaye, kon yana da lafiya. Bi layin da bakin biro ko da farce. In ka ji ya maƙale a ɗan rami, ko ka ga wuri ya ɓarɓashe, kon ya gama aiki, ko da ramin bai fi kan allura ba. Ramin nan shi ke sa saiti ya ƙi zama: in ƙwaya ta faɗa cikinsa a ji rawa, in ta hau bakinsa a ji cijewa. Haka za ka bi cikin kwaf ɗin duka biyu da yatsa da biro.

Sai sanda. Don wannan gwajin dole ka cire komai daga jikinta, har kon da notin daman da na ce ka bari, sai dai ka lura da inda suke zaune tukuna, ka sami wuri mai shafe sosai, gilashi ya fi, ka mirgina ta. Miƙaƙƙiya za ta tafi salin-alin. Lanƙwasasshiya za ta riƙa ɗingishi, kana ganin haske na buɗewa yana rufewa a ƙarƙashinta. Jarka ɗaya mai lita 25 kilo 25 ce, in ka ɗaura huɗu a kariya ka ɗora wa tayar baya kilo 100 ban da kai kanka, kuma duk nauyin nan a kan ƙarfen da kaurinsa bai kai milimita 10 ba yake sauka. Ba sai ta lanƙwashe yadda ido zai gani ba. Kaɗan ya isa ya karkatar da kon, ya sa gefe ɗaya ya danne ƙwayoyi, ɗaya gefen ya sake su. Alamarta a jikin kon ita ce layin nan mai sheƙi ya yi faɗi a gefe guda ya tsuke a ɗayan. Miƙe ta da guduma ɓata lokaci ne, tiredi zai lalace kuma za ta koma. Sanda da kon ɗinta tare ake sayar da su, kuma ba su da tsada in aka kwatanta da hob.

In za ka saya, tafi da tsohuwar a aljihu. Sandar baya mai 3/8 na inci da mai milimita 10 kusan kamarsu ɗaya a ido, amma tiredinsu daban, kon ɗin wannan ba ya hawa waccan sai da ƙarfi, kuma duk notin da ya buƙaci ƙarfi tun daga zagayen farko ba nasa ba ne. Gwada a gaban mai kaya, da yatsu kawai. Dubi tsawon kon da faɗin bakinsa ma, ya yi daidai da murfin ƙura.

Ƙwayoyin boris kuwa ni ban cika mayar da tsofaffi ba. In sheƙinsu ya dushe, ko sun yi duhu, ko ɗaya ta ɓata, canza duka. Kada ka haɗa sabuwa da tsoho, kada kuma ka cike gurbi da wadda ka tsinta a gwangwani, don wadda ta ɗara sauran girma ita kaɗai za ta riƙa ɗaukar nauyi. Hob ɗin baya yawanci ƙwaya 9 ne kowane gefe, masu girman 1/4 na inci. Na gaba yawanci 10 ne, masu 3/16. In lissafi ya ɓace maka, jera su har da'irar ta kusa rufewa, a bar ɗan gurbin da bai kai ƙwaya ɗaya ba. Cusa ƙwaya ta goma inda 9 ke zama yana cikin abubuwan da ke kawo daidai matsalar da ka faɗa, don ɗaya za ta hau kan 'yan'uwanta, kon ya zauna a karkace. Ƙirga naka da kyau.

Maganar mai. Giris na mota da ake sayarwa a gwangwani ya wadatar, ba sai ka nemi wani na musamman ba. Abin da nake yawan tararwa cikin hob a garin nan shi ne baƙin mai, da basilin, wani lokaci har man gyaɗa. Baƙin mai ya riga ya ɗauko garin ƙarfe daga inji, ga shi ruwa-ruwa, ba ya zama. Basilin kuwa da zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake wuce digiri 40 a inuwa, narkewa yake ya tsiyaye ta sifok ya bar ƙwayoyi a bushe. Man gyaɗa in ya daɗe danƙo yake zama. Cika kwaf da giris har ƙwayoyin su nutse su manne ba sai ka riƙe su ba, shafa kaɗan a kon da tiredi. Wanda ya fito waje bayan ka haɗa, goge shi tas. A Sakkwato giris ɗin da ke waje tarkon ƙura ne, in hunturu ya busa, ƙura da giris suka gauraya suka shiga ciki, ka kafa dutsen niƙa ke nan a cikin tayarka.

Yanzu saitin kansa. Fara da gefen dama tun sanda na waje: riƙe kon da siririyar sifana, ka ɗaure notin kulle a kansa da ƙarfi sosai. Akwai dalili. In ka tsaya ta dama kana kallon keke yana tafiya gaba, taya tana juyawa ne ta inda ake ɗaure noti. Kon na dama in bai kulle ba, tayar da kanta za ta riƙa jan sa ciki, yana matsewa kana tafiya, har ya murƙushe ƙwayoyi ko ya fasa kwaf. Na hagu in ya saki kwancewa yake yi, rawa kawai za ka ji. Shi ya sa ake kashe magana a dama tun farko, duk wani saiti kuma a yi shi a hagu.

Zura sanda, ka murɗa kon na hagu da yatsu har ka ji ya taɓa ƙwayoyi. Kada ka sa sifana. Daga nan komar da shi baya kaɗan, kamar daga ƙarfe 12 zuwa 10. Sa wosha, kawo notin kulle da yatsu, riƙe kon da siririyar sifana kada ya motsa, sannan ka ɗaure notin. A nan ne mafi yawan mutane ke ɓata aikin da suka gyara. Tsakanin tiredin kon da na sanda akwai ɗan sarari, in ba haka ba da ba zai murɗu ba. Da notin kulle ya danno, sai ya tura kon ciki gwargwadon sararin nan, ko da sifanarka ba ta motsa ba ko kaɗan. Wato saitin da ka ji ya yi daidai kafin kullewa, bayan kullewa zai zama ya matse. Saboda haka da ɗan rawa ake shiga kulle, kullewar ce ke cinye ta. Hukunci kuma bayan an kulle ake yanke shi, abin da ka ji kafin nan ba a lissafa shi.

Gwaji: riƙe taya, ka kama bakin sanda da yatsu biyu, ka jijjiga ta sama da ƙasa, sannan ka murza ta a hankali zagaye biyu ko uku. Abin da ake nema, babu ƙwas, kuma tana juyawa sumul, ba ka jin komai sai nauyin giris. In akwai rawa, sassauta notin, matsar da kon ɗan taƙi, sake kullewa, sake gwadawa. Sau uku, sau biyar, duk ba abin kunya ba ne, mu ma da muke wannan sana'a haka muke yi. Lura da inda hannun sifana yake kowane karo, don ka san daga ina ka taso.

Akwai wata dabara in ya rage kaɗan. In ya ɗan matse, sa sirarun sifanu biyu a kon na dama da na hagu, ka murɗa su ta wajen kwancewa: kon zai ja baya ya ƙara dannuwa da notinsa, ka sami sassauci kuma kulle ya ƙara ƙarfi. In kuma 'yar rawa ce ta rage, kama notocin kulle biyu ka murɗa ta wajen ɗaurewa. Wannan na ɗan ƙiris ne kawai, kada ka mai da shi hanyar saiti gaba ɗaya.

In ka yi duk wannan amma sanda tana juyawa da sauƙi a wani wuri tana cijewa a wani, to ba hannunka ba ne, ƙarfe ne, koma kan kon da sanda. In dole sai ka hau keken haka kafin ka sami kaya, saita shi ta yadda ba ya cijewa a inda ya fi tsauri, ka haƙura da 'yar rawar da ta rage a sauran wurare. Tsakanin 'yar rawa da cijewa, in ba makawa sai ɗaya, ni rawa nake zaɓa, don cijewa ta fi saurin cin kwaf, kuma kwaf shi ne mai tsada.

Wasu kekunan ba su da notin kulle sam, babban notin taya ne ke yin aikin. In naka haka yake, a jikin keke za ka yi saitin: ɗaure babban notin dama sosai, saita kon na hagu, riƙe shi da siririyar sifana, sannan ka ɗaure babban notin hagu. Masu tsohon Raleigh na Ingila su kula da tayar gaba: kon ɗaya a kafe yake jikin sanda, ɗaya ne ke murɗuwa, kuma kafaffen dole ya kasance ta dama. In aka juya tayar aka sa ta baibai, kon zai matse kansa a hanya. Kekunan gwanjo masu ɗan hannun da ake lanƙwasawa a cire taya ba tare da sifana ba su kuma nasu daban: sandarsu rami gare ta, in aka rufe hannun tana ɗan tsukewa, don haka ana barin 'yar rawa kaɗan a hannu, wadda za ta ɓace in an ɗaura taya.

Da ka mayar da taya, sake jijjiga ta ta rim, don a nan ƙaramar rawa ke bayyana. Kula da sarƙa kuma. Masu ɗaukar kaya suna son jan ajasta har sarƙa ta yi tsam kada ta zame, amma sarƙa mai tsauri tana jan sanda gaba dare da rana, tana cin boris ɗin dama da na gidan feda. Bar ta tana motsi sama da ƙasa kamar santimita 1 a tsakiya, ka juya feda ka auna a inda ta fi tsauri.

Tun da kayan aiki na hannunka, leƙa gidan feda. Sauke sarƙa, kama ƙafafun feda biyu ka jijjiga su gefe da gefe. In duka biyu suna motsi tare, boris ne. In ɗaya ce kaɗai ke motsi, kwatafin ne ya saki, wato ɗan ƙusan da ke riƙe ƙafar feda a jikin sandarta, ba ruwan boris. Kwatafin da guduma ake zaunar da shi, ɗan notinsa riƙewa kawai yake yi, in ka ce da noti za ka ja shi tiredi zai tsinke. In za ka buga, tokare ƙafar fedar ta ƙasa da guntun bututu ko ƙarfe har ƙasa, in ba haka ba duk dukan a kan ƙwayoyin boris yake sauka, ya bar musu tabo a kwaf. Saitin nan ma ta hagu ake yin sa: sassauta zoben kulle, murɗa kwaf, mayar da zobe. Amma a nan abin juyewa yake. Zoben yana jawo kwaf waje ne, don haka kullewa tana ɗan sassauta saiti, sai ka shiga da shi a ɗan matse. Kwaf na dama a kafe yake, a irin waɗannan kekuna tiredinsa na hagu ne, wanda bai sani ba yana ƙoƙarin kwancewa yana ƙara ɗaurewa. Ƙwaya 11 ce kowane gefe mai 1/4 in babu keji, wato zoben gwangwanin da ke riƙe ƙwayoyin a jere. In da keji kuma ka manta yadda yake fuskanta, haɗa shi a bushe ka murza: in gwangwanin yana gogar ƙarfe, ka sa shi baibai. In kejin ya lotse, jefar da shi ka zuba ƙwayoyi zalla.

Wuyan keke ba shi da wahala sosai. A keke mai birkin sanda kada ka dogara da kama birki wajen gwaji, don sandunan birkin kansu suna da rawa, za su ruɗe ka. Jingina tayar gaba da bango, sa yatsa a mahaɗar wuya, ka tura keken gaba da baya. In ka ji motsi a ƙarƙashin yatsa, sassauta babban notin sama, matsa na ƙasansa kaɗan, ka kulle. Sannan ɗaga gaba ka karkata keken: kai ya faɗi gefe da kansa. In yana maƙalewa a tsakiya kamar ya sami gurbi, ƙwayoyi sun riga sun tona ramuka, sai canji. Ƙwayoyin nan ƙanana ne, 5/32 ko 1/8, kuma suna da yawa, da ka zare fok za su watse, don haka kife keken a kan buhu kafin ka buɗe. Kekunan gwanjo da ake ɗaure wuyansu da alanki, sai ka fara sassauta kusoshin gefe kafin ka taɓa na sama, in ba haka ba murfin kawai za ka fasa.

Cikin na gwanjon akwai masu rufaffen boris, irin na injin ban ruwa da babur, mai zoben roba a fuska. Waɗannan ba a saita su. In sun yi rawa ko gurzo, fitar da su ake yi a sa sababbi, kuma lambar tana rubuce a jikin robar, kamar 6000 ko 6001, masu kayan babur ma sukan ajiye su. Masu giya a cikin hob kuwa, irin Sturmey-Archer ko Shimano Nexus, kada ka taɓa kon ɗinsu na dama a gida, don shi ke riƙe da saitin giyar. Ta hagu kawai.

Game da yawan buɗewa, keken da ke aiki kullum da kaya a garin nan ina ganin sau biyu a shekara: bayan hunturu ya wuce, da kuma bayan damina. In ka ratsa ruwa a fadama har ya kai hob, kada ka jira lokaci, buɗe cikin satin, don ruwa in ya kwana a ciki tsatsa ke fara ramin. Tiyon masu wankin mota ma haka, ƙarfin ruwan yana ratsa murfin ƙura. Bokiti da tsumma sun ishi keke.

Hob ɗinka bai mutu ba sai in kwaf ne ya yi ramuka ko ya tsage. In ramin kaɗan ne, sabon kon da sababbin ƙwayoyi da giris mai yawa za su ja ka wani lokaci, ko da yake ba za ka sami sumul ɗin sabo ba. In ya yi yawa, sai sabon hob, wanda ke nufin a zare sifok duka a sake saƙawa, wannan kam kai wa mai gyara. Ƙirga ramukan rim kafin ka saya: kekuna masu tsarin Ingila na da sukan zo da 32 gaba, 40 baya, na zamani yawanci 36, kuma hob mai rami 36 ba ya saƙuwa da rim mai 40.

Bayan kwana bakwai da fara hawa, sake jijjiga tayar. Sababbin kaya sukan zauna, 'yar rawa ta fito, ka cinye ta da taƙi ɗaya. In ta sake dawowa karo na biyu alhali notocin kulle na nan a ɗaure, buɗe ka dubi kon: akwai na arha a kasuwa da ƙarfensu bai ji wuta ba, boris na tona su cikin 'yan makonni, za ka ga giris ya yi toka-toka da garin ƙarfe. In ka ga haka, nemi kon daga tsohon hob na asali wurin masu gyara, ko da an yi amfani da shi, muddin hanyar boris ɗinsa sumul take kuma tiredinsa ya hau sandarka da yatsu.